Daga Matazu Zuwa Bahar Maliya: Jirgin Ƙasa da Tsarin Tafiyar Zango-Zango

Layin dogo bai taɓa ratsa garin Matazu ba. Duk da haka, tun daga shekarar 1912 har zuwa zamanin jiragen sama, da wuya a sami mutumin wannan gari da zai ɗaura niyyar doguwar tafiya zuwa wata ƙasa ba tare da ya sa jirgin ƙasa cikin lissafinsa ba. Garin yana zaune ne tsakanin tashoshi biyu, Kano ta gabas da Funtuwa ta kudu, kuma nisan kowacce daga gare shi bai wuce mil sittin a miƙe ba. Saboda haka shawarar farko da matafiyi zai yanke, tun bai ɗaure kayansa ba, ita ce wace tasha zai nufa. Wannan shawara kuwa ta rataya ne a kan wasu da ke gaba da ita, har zuwa gaɓar Bahar Maliya.

A farkon ƙarni na ashirin, tafiya ƙasar waje ga Bahaushe ba ta wuce iri biyu ba, wato fatauci da aikin hajji. Yawon buɗe ido irin na Turawa bai shigo ba tukuna. Amma matsalar da mai yawon buɗe ido ke fuskanta idan zai ratsa birane da yawa a jirgin ƙasa, ita ce dai alhazan wancan zamani suka fuskanta, har tasu ta fi tsanani: a ina za a hau, a ina za a sauka a canja, kwana nawa za a yi a kowane gari, da wane kuɗi za a biya, kuma me zai faru in aka rasa jirgi guda. Hausawa ba baƙi ba ne ga irin wannan lissafi. Ayarin fatake mai zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu, wanda ya san kowane zango da kowace rijiya da kowane mafita, ya san inda ake biyan fito da inda ake biyan garama, ya kuma san watan da ya kamata a tashi don kada damina ta tsare ayari a hanya. Abin da jirgin ƙasa ya kawo shi ne agogo da jadawali. Madugu yakan jinkirta tashi don wani ya yi rashin lafiya, jirgi kuwa ba ya jiran kowa.

Ya kamata a fara da dalilin da ya sa dogo ya bi inda ya bi. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa shi ne don jawo amfanin gona zuwa bakin teku. An fara aikin daga Ikko a 1896, ya kai Badun a 1901. A Arewa kuma aka fara wani daga Baro, a bakin Kwara, a 1907, ya isa Kano a 1911, aka haɗa shi da na Ikko, aka buɗe hanya ga jama'a a 1912. Auduga Turawa suka sa wa rai, sai manoman Kano suka ba su gyaɗa. Audugar da ake nema tana kudancin ƙasar Katsina da yankin Gusau, shi ya sa tsakanin 1927 da 1929 aka ja reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda. Gonar irin auduga ta Daudawa da injinan gurza na Funtuwa da Malumfashi duk ƙafafun wannan shiri ne. Duk wanda ya dubi taswirar waɗannan layuka zai ga sun karkata kudu, kamar rafukan da ke gangarawa kogi. Alƙibla kuwa tana gabas.

A can gabas ɗin ma haka abin yake. Sir Percy Girouard, injiniyan soja ɗan ƙasar Kanada, shi ya jagoranci shimfiɗa dogo a hamadar arewacin Sudan a 1897 don sojojin Ingila da Masar su kai ga rundunar Mahadiyya. Shi ɗin ne kuma aka turo ya shugabanci Nijeriya ta Arewa a 1907, aikin layin Baro zuwa Kano na gabansa. Faɗin dogon ƙasashen biyu ɗaya ne, ƙafa uku da inci shida, har da za a ɗauki tarago daga Funtuwa a ɗora shi a kan dogon Sudan da ya yi tafiyarsa lafiya lau. Dogon Sudan ya kai Hartum a ƙarshen 1899, ya haɗu da Bahar Maliya ta Atbara a 1906, ya haye Farin Nilu a gadar Kosti a 1910, aka buɗe shi har Ubayyid, kasuwar ƙaro ta Kurdufan, a 1912. Wato Kano da Ubayyid sun sami jirgi kusan a lokaci guda. Amma tsakaninsu akwai fiye da mil 1,400 a miƙe, babu ko taku guda na dogo, kuma ƙasar Faransa ta Cadi na tsakiya. Duk tarihin da ke tafe ya taso ne daga wannan giɓi.

Akwai hanyar kauce masa, ga mai hali. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, kuma Matazu na cikin ƙasarsa, shi ne sarki na farko a Arewa a zamanin mulkin Turawa da ya yi aikin hajji yana kan gadon sarauta. A 1921 ya tashi, kuma maimakon ya fuskanci gabas sai ya fuskanci kudu. Daga Katsina zuwa tashar Kano, daga nan jirgin ƙasa na kimanin mil 700 ta Zariya da Kaduna da Minna, ya haye Kwara a Jabba, inda aka gama gada a 1916 (kafin nan jirgin fito ke haye da taragai), ya bi ta Ilori da Badun zuwa Ikko. Tafiyar da dā takan ci makonni ta koma ta kusan kwana biyu. Daga Ikko jirgin ruwa ya kai shi Lifaful, babbar tashar jiragen ruwa ta Ingila, cikin mako biyu da 'yan kwanaki. A Landan ya gana da Sarki Joji na Biyar, aka zaga da shi wuraren kallo, sannan ya bi ta Masar zuwa Jidda, a zamanin da Sharif Husaini ke mulkin Hijaz. Malam Muhammadu Bello Kagara ya ba da labarin waɗannan tafiye-tafiye a littafin da ya rubuta a kan rayuwar sarkin.

Wannan ita ce tafiya ta farko daga ƙasar Katsina da ta yi kama da abin da ake kira yawon buɗe ido a yau, kuma in aka duba yadda aka tsara ta za a ga daga ƙarshe aka fara lissafi, aka dawo farko. Ranar Arfa ba ta matsawa don kowa, a 1921 kuwa ta faɗo ne a tsakiyar watan Agusta. Daga wannan rana sai a cire kwanakin raƙumi daga Jidda zuwa Makka, a cire na teku, a cire waɗanda za a yi a Ingila, a cire na jirgin ruwan Ikko, wanda yake da ranakun tashinsa, sannan a san ranar da za a bar gida. Hukumar reluwe ta Nijeriya ma takan daidaita jirginta mai sauri da ranakun isowa da tashin jirgin ruwan wasiƙu na kamfanin Elder Dempster. A Ingila kuwa a wannan shekara kamfanonin jirgin ƙasa sun haura ɗari, kowanne da tasharsa da tikitinsa, sai a 1923 aka haɗe su suka zama huɗu. Akwai wani ƙaton littafin jadawali mai suna Bradshaw da ke tattara lokutansu duka, wanda su kansu Turawa ke yi wa ba'a saboda wuyar karantawa. Sarki Dikko bai buƙaci ya buɗe shi ba. Gwamnati ta haɗa shi da jami'in da ke raka shi, waya kuma na riga shi isa kowane zango. Aikin madugu ya koma hannun ofis.

Ba wannan ne karo na farko da aka gwada sayar wa alhaji tafiyarsa dunƙule ba. Kamfanin Thomas Cook, wanda ya fara shirya wa Turawa yawon jirgin ƙasa a 1841, ya kuma shahara da tikiti guda mai ratsa layuka da ƙasashe da yawa, shi Gwamnatin Indiya ta damƙa wa jigilar alhazanta a 1886. Tikitin ya haɗa jirgin ƙasa zuwa Bombai da jirgin ruwa zuwa Jidda. A 1893 aka watsar da shirin don bai biya ba. Mafi yawan alhazai talakawa ne, talaka kuwa ba shi da kuɗin da zai biya tafiya duka a rana ɗaya. Yana biya ne zango-zango, gwargwadon abin da ya samu a hanya.

A nan ne labarin mutumin Matazu yake. Wasu attajirai, irin su Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano, sun bi hanyar teku, kuma a 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Gwandu Usman da Sarkin Kano Abdullahi Bayero sun ziyarci Ingila ta wannan hanya. Amma manomi gabas yake bi, hanyar kaka da kakanni. A ce ya sayar da audugarsa a kasuwar kaka, ya sami fam ɗin da zai tashi da shi. In ya bi ta Malumfashi zuwa Funtuwa bayan 1929, jirgin zai mai da shi kudu ne zuwa Zariya, inda zai sauka ya jira wani. Daga Zariya yana da zaɓi. Ko ya hau mai zuwa Kano, ya zarce Nguru, inda dogo ya tsaya a 1930, ko kuwa ya hau ɗan ƙaramin jirgin nan na Jos, mai ƙaramin dogo, wanda aka yi don kuza, aka kuma rufe a 1957, daga Jos ya nemi mota ta Bauchi da Fataskum zuwa Maiduguri. Wanda ya yi lissafi da kyau sau da yawa yakan ga gara ya nufi Kano kai tsaye da jakinsa, ya bar Funtuwa ga mai zuwa Ikko. Kusancin tasha ba shi ne amfaninta ba, sai an duba inda ta dosa.

Daga Maiduguri kuma sai ƙafa, ko jaki, ko takarkari, daga baya babbar mota. Hanyar ta bi ta Dikwa da Gamboru, ta haye kogi zuwa Fort Lami, wadda aka sake wa suna Njamena a 1973, ta ratsa ƙasar Wadai zuwa Abashe, ta shiga Sudan ta Adare da Jinaina, ta bi ta Fashir a Darfur, kana ta isa Ubayyid. Abu biyu ke mulkin wannan hanya, ruwan sha da ruwan sama. Da rani rijiyoyi sukan ƙafe, da damina kuwa baƙar ƙasar firki ta kewayen Tafkin Cadi takan zama taɓo, mota ba ta wucewa har tsawon watanni. Sai ga shi kuma watan hajji yana ja baya da kwana goma ko goma sha ɗaya kowace shekara a kan kalandar rana. A 1933, shekarar da Sarki Dikko ya sake zuwa hajji, Arfa ta faɗo a farkon Afrilu. Manomin da ya karɓi kuɗin audugarsa a Janairu, in yana da kuɗin mota, zai iya ratsawa da rani ya riski aikin. Amma a 1950 ta faɗo a ƙarshen Satumba. Wanda ke son ya tsaya a Arfa a wannan shekara dole ya bar gida kafin ruwa ya sauka, wato ya bar gonarsa ba shuka, ya je ya zauna a Sudan wata huɗu ko biyar yana cin guzurinsa. Tafiya ɗaya, hanya ɗaya, amma tsadarta ta dogara ga shekarar da mutum ya tashi.

Ga kuma batun kuɗi da takardu. Matafiyi yakan tashi da fam da sule na Afirka ta Yamma, a Cadi sai faran na Faransa, a Sudan fam ɗin Masar har zuwa 1957, a Hijaz riyal. A kowace iyaka 'yan canji na jiransa, kuma a kowace iyaka guzuri na raguwa. Hukumomi suna neman fasfo da shaidar lamba, daga baya aka ƙara da allurar shawara.

Idan ya isa Ubayyid, a nan yake sake ganin dogo. Daga can zuwa bakin teku ya fi mil 900: Kosti, Sinnar, Wad Madani, Hartum, Atbara, sannan duwatsun Bahar Maliya zuwa Bur Sudan da Sawakin. Daga 1929 aka sami wata hanyar daga Sinnar ta Gadarif da Kasala wadda ba ta bi ta Hartum. A jirgi tafiyar 'yan kwanaki ce. Amma mutane da yawa sun shafe shekaru a tsakanin waɗannan tashoshi, domin sun iso ne aljihu ya bushe. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gonakin auduga na Jazira tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, gonakin kuwa na neman hannuwa masu yawa lokacin tsinka. Mutumin da ya taso a ƙasar Malumfashi ba sai an koya masa tsinkar auduga ba. Haka ya kasance audugar da ta jawo dogo zuwa Funtuwa ita ce ta biya masa kuɗin jirgi a Sudan, kuma duka biyun masaƙun Ingila suke nufa. Akwai 'yan uwa da suka riga shi. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja mabiya zuwa gabas, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda ake kira da sunansa. Irin waɗannan garuruwa da unguwannin da mutanen Sudan ke kira na Fallata su suka zama zangon alhazai. A nan ake samun masauki, da aiki, da labarin ranar da jirgi ke tashi, da sanin wanda za a amince wa. Ilmin hanya yana bakin mutane, ba a takarda ba. Mai dawowa ya gaya wa mai tafiya.

Wasu sukan yi kaka ɗaya su wuce, wasu biyu, wasu kuma su yi aure su haifu, niyyar tana nan amma tashin bai zo ba. Zuriyarsu a Sudan ta kai dubban ɗaruruwa. Masu mulkin mallaka sun ɗauki wannan a matsayin rashin tsari. Ga alama tsari ne, sai dai irin na wanda jarinsa ƙarfinsa ne: ya raba tafiyar gida-gida, kowane zango ya biya kuɗin na gaba da shi. Aibinsa shi ne ba shi da ranar ƙarewa.

Zango na ƙarshe ma da nasa tarko. A Sawakin ake killace alhazai don duba lafiyarsu, a kuma nemi kuɗin jirgin ruwa na zuwa da dawowa. Waɗanda ba su da shi sukan kauce ta Kasala su shiga Iritiriya, su haye teku da kwalekwalen Larabawa, a sauke su a gaɓar da ba kowa, su ƙarasa da ƙafa. Mutane da yawa sun halaka a haka. A Hijaz ɗin kanta babu jirgin da zai taimake su. Dogon da Daular Usmaniyya ta shimfiɗa daga Dimashƙa ya kai Madina a 1908, bai taɓa kaiwa Makka ba, aka kuma farfasa shi a Yaƙin Duniya na Farko.

A 1948 wasu 'yan kasuwar Kano, ƙarƙashin jagorancin Alhaji Mahmud Ɗantata, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma, suka sa motoci a kan hanyar Cadi don kai mutane tashar jirgin Sudan. Wannan shi ne ƙoƙari na farko mai ƙarfi na ɗinke giɓin daga gida. Dogon ma ya ci gaba da matsowa daga ɓangarorin biyu. Na Sudan ya kai Niyala a kudancin Darfur a 1959, na Nijeriya ya kai Maiduguri a 1964, ta Kuru da Bauchi da Gombe. Giɓin ya ragu zuwa kusan mil 800. A wannan shekara mutum zai iya hawa jirgi a Funtuwa ya sauka a Maiduguri, sai dai zai canja a Zariya ko Kaduna, ya gangara har Kafancan kafin ya juyo arewa maso gabas, zagayen da babbar mota ba ta yi.

Amma dogon ya makara. Tun cikin shekarun 1950 jiragen sama suka fara kwasar alhazai daga filin Kano, tafiyar shekaru ta koma ta yini guda. Jihar Arewa ta kafa hukumar jin daɗin alhazai a 1965, Gwamnatin Tarayya ta kafa tata a 1975, kuma daga nan alhaji ya koma yana biyan kujera dunƙule, irin abin da Thomas Cook ya gwada a Indiya bai yi nasara ba. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya sa abin ya yiwu ga mutane da yawa. Hanyar ƙasa ba ta mutu nan take ba, domin marasa hali sun ci gaba da bin ta, amma yaƙin basasar Cadi da tsananta dokar shiga Saudiyya suka rage ta, rikicin Darfur daga 2003 da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 suka ƙara toshe ta. A gida kuma harkar reluwe ta durƙushe daga shekarun 1980, tirela ta karɓe dakon auduga, tashar Funtuwa ta yi shiru.

Jirgin ƙasa ya sake shiga tafiyar mutumin Matazu ta wata ƙofar. A 2018 Saudiyya ta buɗe layin jirgi mai gudun gaske tsakanin Makka da Madina ta Jidda, kimanin kilomita 450, tafiyar da ayarin raƙuma ke yi cikin kwana goma ko fiye ta koma ta awa biyu da rabi. Tikitinsa na ɗauke da rana da sa'a da lambar kujera, ana kuma iya sayensa ta wayar hannu tun daga gida, sai mai umara ya koma yana lissafi daga ranar jirginsa na dawowa zuwa baya, kamar yadda aka yi wa Sarki Dikko. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin da zai tashi daga Kano zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, wanda aka tsara shi ya haye iyaka, abin da dogon Turawa bai taɓa yi ba a Nijeriya. Taswirarsa ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ta bar Matazu a kudu.